Ƙwaya da Asuba, Fatur da Hantsi

Ƙarfe shida da minti goma na safiyar wata Asabar, ana tsakiyar tsinkar auduga, Gwaggo ta miƙa hannu ta ɗauke gwangwanin sukari daga gaban Habboba. Na san lokacin daidai saboda agogon Baba yana hannuna, ina auna minti nawa nake ɗauka kafin in haddace shafi guda. A shekarar nake shirin jarrabawar gama sakandare, an ba mu hutun bita.

Habboba kakata ce, mahaifiyar Baba. Gwaggo yayarsa ce, kuma a gidanmu ita ce asibiti, ita ce kotu, ita ce gidan rediyo. Ranar Alhamis ta raka Habboba wurin likita a garin Rufa'a. Suka dawo da labarin cewa sukari ya yi yawa a jininta, da kwalin ƙwayoyi, da umarni biyu: a rage zaƙi, a sha ƙwaya ɗaya kafin fatur.

Gwaggo ba ta iya rabin aiki ba. An ce a rage, ta share gaba ɗaya. Tun kafin a haifi Baba, Habboba take buɗe ido da shayin madara mai sukari cokali uku da zalabiya mai zafi, soyayyar fulawar nan mai zaƙi. A safiya ɗaya aka kori sukarin, aka kori zalabiyar, aka kulle gwangwanin a akwati, mabuɗin ya koma wuyan Gwaggo kamar laya. Umarni na biyu ma bai ba ta wuya ba. Mu nan fatur ɗinmu, wato karin kumallo, ba ya sauka sai ƙarfe sha ɗaya, bayan an ci rabin aikin yini. Asuba kuwa kafin sha ɗaya take, babu mai gardama. Saboda haka ƙwaya da asuba.

Habboba ta kurɓi shayin ta dubi kofin.

"Wanga shayi ne ko ruwan da anka wanke tukunya?"

"Lafiyarki ce, Inna. Shanye."

"Ashe lafiya ba ta da daɗi."

Ta shanye, ta haɗiye ƙwayar, ta yafa tob ɗinta, muka kama hanyar hawasha, gonar audugar Baba. Babu wanda ya taɓa iya zaunar da ita a gida lokacin tsinka. Ni aikina a can in zauna a gindin bishiya bakin tur'a, magudanar da ke kawo mana ruwa daga madatsar Makwar, in tsare kwanon kisra, gurasarmu ta dawa, da tulun ruwa, in yi karatuna.

Abin haushin shi ne babin da nake haddacewa a makon ke nan. Kisra, tuwon asida, burodi, dabino, duk abin da mutum ya ci na hatsi ko zaƙi, ciki yana narkar da shi ya koma gulukos, jini ya ɗauka ya raba wa tsoka da ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Idan gulukos ya yi yawa, a hankali yake ɓarna, shekara da shekaru, ya taɓa ido, ya taɓa ƙoda, ya taɓa ƙafa. Idan ya yi kaɗan kuwa, ba ya jiran shekara, ba ya jiran gobe. Na ja jan layi a ƙarƙashin wannan jumlar. Ƙwayar Habboba kuma aikinta ke nan, ta sauke shi ƙasa, ko an ci abinci ko ba a ci ba.

A kwana na uku, ƙarfe tara da minti arba'in, na ga hannun Habboba yana rawa a kan reshen auduga. Na rubuta a bayan littafina. A kwana na biyar ta jiƙe da gumi alhali kowa yana kukan sanyi, ta zagi jakin maƙwabta har kakanninsa, shi da bai ko dube ta ba. Na rubuta. Da aka ci fatur sai ta dawo mutum, tana tsokanar kowa. Wannan ma na rubuta, da minti.

Sau ɗaya na gwada magana.

"Gwaggo, wai ƙwayar nan, da an bari sai..."

"Na'am, Daktora? Ɗaga murya, mata su amfana. Likitan Rufa'a ya yi kuskure, ke za ki gyara mai?"

Matan suka yi dariya. Ni kuwa, da yake jaruma ce, na koma gindin bishiya na ƙara jan layi na biyu a ƙarƙashin jumlar.

Kwana na tara, ƙarfe goma da minti biyar, Habboba ta zauna daɓas a tsakiyar kunya. Kafin in isa, mata sun kewaye ta. Fuskarta ta yi fari-fari, gumi yana ɗiga daga haɓarta, tana magana harshe yana harɗewa, tana tambaya wa ya kwance awaki, mu da rabonmu da awaki tun ina firamare.

Likitoci suka yawaita nan take. Wata ta ce mutanen ɓoye na tur'a ne suka shafe ta, ta fara tofi. Wata ta ce baki ne, tsohuwa tana cika buhu kafin 'yan mata, dole a sa mata ido. Wata ta fasa albasa ta kanga mata a hanci. Gwaggo ta fi kowa ilimi.

"Sukarin ne ya hau. Wa ya ba ta zaƙi a ɓoye? Ku faɗi, wallahi!"

Sai na ga tana kwance ƙullin bakin tob ɗinta. Ƙwaya ce ta biyu a ciki, ta zo da ita saboda irin wannan rana.

Ban ce komai ba, wannan kam na saba. Na ruga bakin tur'a inda masu tsinkar ƙwadago suke hura wutar shayinsu, na ɗebi sukari cokali uku daga ledarsu ba sallama, na dama a kofin ruwa da yatsa. Na kutsa tsakanin mata na durƙusa. Idon Habboba a buɗe yake, tana haɗiyar yawu, wannan na duba shi kafin in kai kofin bakinta. Ta kurɓa sau biyu, Gwaggo ta damƙe wuyan hannuna.

"Mi ne ne wanga? Sukari? Kashe min uwa za ki yi, 'yar banza?"

Kashi ɗaya cikin uku ya zube a ƙasa. Sauran bai zube ba domin Habboba, wadda ba ta gane 'yarta ba a lokacin, ta gane sukari. Ta riƙe kofin da hannu biyu ta ƙi saki. Cikin kokawar ƙwayar ta faɗi a kunya, wani ya taka ta.

Minti goma sha biyu a agogon Baba. Habboba ta gyara zama, ta ture albasar, ta ce wace marar mutunci ce ta tsaya a kan buhunta. Aka yi hamdala, aka raba lada: mai tofi ta samu, mai albasa ta samu. Ni aka ce Allah ya tsare tsohuwa duk da gubar da na ɗura mata. Gwaggo ta sanar da cewa gobe da asuba ƙwaya na nan, kuma a akwati za a riƙa kulle ni ma in ta kama.

Baba ya iso daga ƙarshen gona ya ji ɓangare ɗaya, tunda ɗaya ɓangaren ƙasa yake kallo. Bai taɓa yi wa yayarsa gardama ba, bai fara ranar ba. Ya dai ce bayan fatur a ɗaura keken jaki a kai Inna wurin hakima, jami'ar lafiyar da ke ƙauyen gaba, ta duba ta. A hanya na rubuta tambayata a takarda, na sake kwafe ta sau biyu saboda keken yana girgiza rubutun ya karkace.

A ɗakin hakima Gwaggo ta yi bayani na minti goma sha tara. Takardar tana tafina har ta jiƙe. Mun miƙe za mu fita sai Habboba ta fizge ta, ta haɗa da littafin ta ajiye a tebur.

"Karanta wanga, ya bitti, ɗiyata. Tun a hanya take murzar ta, in ba a karɓa ba cinye ta za ta yi."

Hakimar ta karanta, ta juya bayan littafin ta bi lokutan da yatsa. Ta tambayi Gwaggo ƙarfe nawa ake shan ƙwaya, ta ce da asuba. Fatur fa?

"Sha ɗaya, kamar kowane Musulmi."

Hakimar ta ajiye littafin. Sannan ta ce daga gobe ƙwaya da abinci tare suke tafiya, ba awa biyar a tsakaninsu ba, kuma Hajiya ba za ta fita gona da ciki wayam ba. Shayi cokali uku ya tafi ke nan, wannan Gwaggo ta yi daidai. Amma a ƙulla mata dabino uku a bakin tob, in rawa da gumi suka zo ta ci nan take, kuma kada a kuskura a ƙara mata ƙwaya a wannan hali. Gwaggo ta taɓa mabuɗin wuyanta.

Sai hakimar ta ɗaga takardata, inda na rubuta: Shin na yi laifi da na ba ta sukari?

"Ba ki yi laifi ba, kofin nan shi ya tashe ta. Laifinki kwana tara ne. Kin ga komai, kin rubuta komai har da minti, kin rufe littafi. Littafin ne zai ba ta shayi? Gobe in kin ga abu, buɗe baki tun ranar farko, ko da za a yi miki dariya."