Marubuciyar Japan da Kalar Gyaɗar Gwaggo

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, ina zaune a Rijiyar Zaki, na rubuta kundin digirina a kan wata marubuciya 'yar Japan. Ban iya harshensu ba, fassarar Turanci na karanta, don haka duk abin da zan faɗa a kanta ba na rantsuwa a kai. Iya fahimtata, ma'aikaciyar ofis ce, takan yi rubutu da asuba kafin ta hau jirgin ƙasa zuwa aiki. Littafinta na farko bai yi kasuwa ba. Na ukun ne ya samu lambar yabo har aka fassara shi, kuma a cikinsa ta bayyana talaucin da mahaifiyarta ta yi shekaru tana rufewa. An ce uwar ta daɗe ba ta yi mata magana ba. Wannan ban tabbatar ba.

Da na koma ƙauyenmu kusa da Tsanyawa ina jiran aiki, ni ma na rubuta gajeren labari, a kan Gwaggo, yayar mahaifina. Shekarar da gonarsu ta ƙi, takan ce za ta dubiya, sai ta wuce ƙauyuka uku a ƙafa ta yi kalar gyaɗa inda ba a san ta ba. A wajenmu gona na jingine da gona, ba mai sunkuyawa a ta wani ba a gan shi ba. Ni kaɗai ta gaya wa, muna ɓarar gyaɗa.

Na canza sunaye, amma na san ko makaho a garinmu zai gane ta. Kafin in aika da labarin wata gasa, na je na karanta mata. Tana tankaɗe, ba ta katse ni ba. Da na gama ta tambayi inda na koyo wannan, na ba ta labarin matar Japan. Ta ce uwar na da rai lokacin da littafin ya fito? Na ce ina jin haka ne.

"To ba ta kyauta ba," in ji Gwaggo. "Ke kuma, 'yar boko, ki bari sai an kai ni makwancina. Ranar ki sayar da ni yadda kike so."

Ban aika ba, gasar ta wuce. Takardun na cikin akwatina. Gwaggo tana nan garau, bana ma da kanta ta yi roron wakenta. Kullum ina yi mata addu'ar tsawon rai, kuma ina kyautata zaton da gaske nake yi.