Ɗarin da Ke Tsakanin Mai Inji da 'Yarsa

Duk wanda ya taɓa kai niƙa layin bayan kasuwa ya san Mai Inji, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Mutum ne da in ya ce maka sannu sai ka ɗauka faɗa ya zo yi, don shi kansa ba ya jin abin da ke fita daga bakinsa. Injin ne ya cinye masa kunne. Tun yana saurayi yake tsaye gefen wannan baƙin ƙarfen, yana ɗura hatsi ta sama yana tarar gari ta ƙasa, ƙarar tana ɗibar jinsa kaɗan-kaɗan, har aka wayi gari matarsa tana ƙwala masa kira daga bakin ƙofa bai ko waiwaya ba. Bai taɓa ganin laifin injin ba. In an yi masa zancen asibiti sai ya ce ai hutawa ya yi da surutun mutane, mai magana ya zo gabansa ya faɗa a hankali, in ya kalli baki zai gane. Kuma yana ganewa, har da abin da ba a so ya gane.

Da matar ta rasu sai ya rage daga shi sai 'yarsu tilo, wadda yake kira Gajera ko da yake ta kere shi tsawo tun kafin ta gama makaranta. Ita ce kunnensa. Ita ke jin cinikin masu kawo buhu, ita ke faɗa masa cewa bel ɗin injin ya fara kuka. Ranar da ta yi aure ta koma wani gari mai nisa, ya rufe shago ya zauna a ciki wuni guda, washegari ya ce wa mutane kai ne ya yi masa ciwo.

Kafin ta tafi ta buɗe masa asusu a banki, ta koya masa tura kuɗi da 'yar wayarsa mai madannai. Boko dai bai iya ba, amma lamba ba ta taɓa ba shi wuya ba, cikin kwana biyu ya haddace abin da ake dannawa. Ta tura masa naira ɗari don gwaji. Wayar ta yi motsi a aljihunsa tun kafin ta sauke hannu, ya zaro ya ga ɗari, ransa ya ɓaci. Shi da ƙarfinsa zai ci kuɗin 'yarsa? Nan take ya mayar mata. Ta yi dariya ta sake turowa, ya sake mayarwa, daga nan abin ya zama nasu.

Kowace safiya in ya buɗe shago sai ya tura mata ɗarin, kafin ya gama zuba wa injin mai ta dawo masa da ita. Ya tura, wato ya tashi lafiya. Ta dawo da ita, wato ita ma lafiya lau. Tela, matar da shagonta ke manne da nasa, ta sha yi masa tsiya cewa abin da banki ya ci a kan ɗarin nan ya isa sayen sabon keken ɗinki. Ta ce me ya hana su riƙa kiran juna kawai su katse? Ya ce kira kowa ma yana iya yi, ko yaro ne ya ɗauki wayar yana wasa. Amma kuɗi ba ya fita sai da lambar sirri, lambar kuma a kan Gajera kaɗai take, shi ya hana ta faɗa wa kowa, har mijinta. In ɗari ta dawo, to hannunta ne ya danna, kuma da hankalinta ta danna.

Watan da abin ya faru Gajera tana da tsohon ciki. Zuwanta na ƙarshe ya ga ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, abin ya tsaya masa a rai, domin haka ƙafafun uwarta suka yi a cikin da ya zo bayan Gajera, wanda ba a samu ɗan ba, ita ma da ƙyar ta sha.

Ran nan da safe ya tura, ya zuba mai, ya goge hannu, ya taɓa aljihu. Shiru. Ya ce wa kansa wanka take yi. Mata biyu suka iso da robobinsu, ya ja igiya injin ya tashi, sai a lokacin ya tuna cewa in inji na aiki ƙasa da benci da jikinsa duk rawa suke yi, ba zai ji motsin waya ba. Ya mayar da ita aljihun ƙirji. Ya fito da ita ya ajiye a kan taga inda zai ga haskenta, gari ya rufe fuskarta. Can sai ya kashe injin da rabin hatsin wata a ciki.

Matar ta buɗe baki tana masifa, yana kallon leɓenta ya gane tana cewa yara na jira a gida. Ya ce mata injin ya yi zafi. Ƙarya ce, ita ma ta sani, ta kwashe nata rabi gari rabi tsaba ta wuce tana tsaki. Ya zauna a kan buhu da waya a tafin hannu. Bai taɓa sanin shagon nan yana da faɗi haka ba sai yau da babu abin da ke motsi a cikinsa.

Hantsi ya ɗaga sosai kafin wayar ta girgiza. Ya matso da ita kusa da ido, a tsakiyar rubutun da bai iya karantawa ba ga ɗari nan zaune. Ya miƙe ya ja igiya injin ya ɗauka, ya leƙa shagon Tela yana washe baki yana ɗaga mata wayar, yana faɗa da muryar da ta sa mai lemon tsallaken titi ya juyo, cewa yarinyar nan barci ne ya yi mata yawa.

Tela ta karɓi wayar da allura a baki. Ta karanta, ta cire allurar, ta sake karantawa. Sannan ta tsaya daidai gabansa yadda zai ga bakinta.

"Baba, ba ita ba ce. Banki ne ya dawo maka da kuɗinka. Bai je ba."

Bai gane ba da farko. Ɗari ce ya tura, ɗari ce ta dawo, to ina bambancin? Ta yi masa bayani da baki da hannu: tun safe layin bankin ke wasa da mutane, kuɗin ya fita ya maƙale a hanya, suka mayar masa da abinsa. Duk tsawon lokacin nan lambar kawai yake dubawa, bai taɓa sanin akwai ɗarin da ba ta Gajera ba. Ya ji kunya, ya ji haushi, sai kuma ya ɗan ji sanyi, tunda dai bai je ba ai ba ta da abin mayarwa. Amma sanyin bai daɗe ba. Gajera da ya sani, in hantsi ya yi ba ta ga ɗarinsa ba, da tuni ta kira Tela tana tambayar ko tsohon nan ya faɗi ne. Ya tambayi Tela ko an kira ta. Ta girgiza kai.

Ya koma ya sake kashe injin. Ya tura ɗarin a gabanta, yatsansa yana kuskure madanni, abin da bai taɓa yi ba. Ta duba ta ce wannan karon ya shiga, ga sunanta nan. Suka zauna, shi a kan bencin masu jiran ɗinki, ita a bayan kekenta ba ta taka shi ba. Ta kira wayar Gajera, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta ce bari ta kira mijin. Ya ce a'a, kada a mayar da shi tsoho mai fitina. Bai kai ga rufe baki ba ya ce ta kira. Mijin ma bai ɗauka ba.

Masu niƙa suka yi ta zuwa suna leƙa shagonsa suna komawa. Wani ya dafa kafaɗarsa yana nuna masa buhu, ya kore shi da hannu kamar ƙuda. Rana ta raba tsaka ta fara karkata, bai sa ko ruwa a bakinsa ba. Tsoro yake ji, irin wanda bai ji ba tun ranar da ya tsaya a barandar asibiti lokacin jinyar matarsa yana kallon bakin likita daga nesa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ga waya a hannunsa, ga 'yarsa a ɗaya ƙarshen, kuɗi na iya isa wurinta kafin ƙiftawar ido amma shi ba ya iya jin ko da numfashinta.

Wayar ta girgiza. Wannan karon bai yarda da idonsa ba, ya miƙa wa Tela. Ta karanta ta ɗaga kai da sauri tana murmushi, ta nuna masa wurin da yatsa: sunan Gajera ne, daga asusunta ya fito. Ya sa ta sake faɗa. Ta sake. Ya rufe fuska da hannu biyu, garin da ke tafinsa ya shafe masa gemu, ya yi ta godiya ga Allah da ƙarfi har masu wucewa suna leƙowa.

Yana cikin haka ya ga ta ɗauki tata wayar ta kara a kunne. Ya ga bakinta ya ce, "To, ina ji." Ya ga murmushin ya tsaya. Sai ta juya masa baya ta fuskanci bango.

Shekara da shekaru yana zaune da mutane ba ya jinsu, ya san abin da juya baya yake nufi. Ya tashi ya zagaya keken ya tsaya a gabanta. Ta sauke wayar, ta fara da mai daɗin: Gajera ta haihu, an sami mace, jaririyar lafiyarta ƙalau. Ya ci gaba da kallon bakinta, ya jefa mata tambaya.

"Ita ta tura da hannunta?"

Tela ta yi ƙoƙarin kauda ido, ya riƙe gefen teburin yana jira. Sai ta faɗa masa a hankali, kalma bayan kalma. Tun asuba aka kai Gajera asibiti. Aiki aka yi mata, ta zubar da jini da yawa, har yanzu ba ta farka ba, likitoci na kanta. Kafin a shiga da ita ta ba mijin wayar, ta faɗa masa lambar, ta ce ko me ya faru in ɗarin Baba ta shigo ya mayar, kada hankalinsa ya tashi. Mijin ya mayar ɗin, amma zuciyarsa ta ƙi ba shi ya bar tsoho cikin duhu, shi ya sa ya kira.

Yarinyar da ko a wasa ba ta taɓa faɗa wa kowa lambar nan ba, yau ta ba da ita tana kan gadon da ake turawa. Ashe ta san inda za ta shiga, kuma a lokacin ma shi take tunani. Hawaye ya zubo ya yi hanya a cikin garin da ke kumatunsa, bai share ba.

Ya shiga shagonsa ya cire rigar aiki, ya kulle ƙofa, ya kawo wa Tela makullin. Ta ce ya bari ta nemo wanda zai raka shi, tafiyar da nisa, ga shi ba ya ji. Ya ce ta dai rubuta masa sunan asibitin a takarda ya nuna wa direba. Tana rubutawa ya fito da wayarsa ya danna lambobin nan, a hankali, ba kuskure ko ɗaya, ya tura ɗarin. Sannan ya yi magana, kuma a karon farko tun da ta san shi muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa.

"Ki kira mijin nata. Ki ce na gode. Amma wannan kada ya taɓa ta. Ita za ta dawo min da ita."

A tasha ya sami wuri a kujerar baya kusa da taga. Direba ya tada mota, ƙarfen ƙasa ya fara rawa a tafin ƙafarsa, kujera ta ɗauka, har cikin ƙashinsa. Ya damƙe wayar da hannu biyu ya ɗaga ta daga cinyarsa don kada rawar motar ta ruɗe shi. Duk da haka, kowane rami suka faɗa sai ya buɗe hannu ya duba.