Rodin da ƙanena ya ƙara wa eriya

Ɗana yana noman shinkafa a fadama, can bayan Kalgo, inda wayar hannu ba ta kamawa. Shi ya sa ya sayo rediyon oba-oba guda biyu, ɗaya a bukkarsa, ɗaya a ɗakina nan Gwandu. Kullum bayan la'asar zan danna in ce, "Ka ci abinci?" Shi ke nan fa abin da nake so da ita.

Mai haɗawa ya kafa eriya bisa dogon ƙarfe, ya saƙala wani ɗan ma'auni a wayar eriyar, allurarsa ta kwanta kusa da ɗaya, alamar komai daidai. Lambar da idona na karanta, don na yi ajin manya da furfurata. Ya ce, "Inna, rediyo da waya da eriya, dole su zo daidai da juna. In ɗaya ya saɓa, ƙarfin da kika tura ba zai fita duka ba, sai ya juyo ta cikin waya ya gasa rediyon. Kada kowa ya taɓa."

Sai ga ƙanena. Wanga mutum, ko agogon masallaci ya gani sai ya ce an rataye shi ba daidai ba. Ya ɗaga kai ya yi tsaki.

"Yaya, wanga ɗan tsinken zai kai Kalgo?"

"Yana kaiwa. Jiya ma mun yi magana."

"Ai da ya fi tsawo, da ya fi haka kaiwa."

Ina can gidan suna ya kawo mai walda, suka liƙa rodi kamu uku a kan eriyar. Wayar ma wai ta yi gajarta, ya ƙulla mata ta talabijin ɗinsa, ya naɗe da leda.

Na dawo na danna, na ji muryar ɗana can ƙasa kamar daga rijiya. Ƙanena ya ce in ƙara dannewa, in ɗaga murya. Rediyo ta yi zafi har ba ta taɓuwa, sai ƙauri, sai shiru.

Da mai haɗawa ya dawo da ma'auninsa ya gwada da tasa rediyon, allura ta tsallake uku ta bugi bango. Ƙanena ko kunya, wai rodin ne bai kai tsawo ba.

A makon nan aka ce ruwa ya hau fadama. Ban jira gyara ba, na ɗauki mayafina na shiga motar Kalgo, da ciwon gwiwata da komai. Na iske yaron yana jan buhuna zuwa tudu, lafiyarsa ƙalau, bai ci komai ba tun safe.