Sun Wanke Ramin Yaya Rabi da Sabulu

Bana shekara goma ke nan da rasuwar yayata, Malama Rabi, Allah Ya jiƙanta. Makarantar 'yan matan da ta koyar a Birnin Kebbi ta gayyace ni taron tunawa da ita, inda za a kunna abin da suke kira wutar Malama Rabi a gaban baƙi, kamar yadda aka saba. Na zauna da niyyar rubuta abin da ake rubutawa, cewa mai haƙuri ce, mai zumunci. Duk gaskiya ne, amma ba shi ke cin raina ba. Abin da ke cin raina shi ne wutar da za su kunna ta ƙarya ce, sun sani, kuma sun san na sani.

Bari in faro daga fadama, don wanda bai san Yaya Rabi ba ya gane. Mu 'ya'yan manoman shinkafa ne a Argungu. Duk wanda ya taɓa shiga fadama bayan ruwa ya kwanta ya san in ka taka laka sai ƙananan kumfa su taso ta gefen ƙafarka. Ba mu taɓa tambayar mene ne ba. Da ta dawo hutu daga jami'a, sai ta ja ni gona da kwalba da mazurari, ta sa ni ina tattaka laka tana tare kumfan a ƙarƙashin ruwa. Da kwalbar ta cika, ta ƙyasta ashana a bakinta, sai ga wuta shuɗiya ta yi fuu. Babanmu yana kan kunya yana kallo, ya ja da baya ya ce, "Ke Rabi, boko munka kai ki ko tsahi?" Ta yi dariya har ta zauna cikin taɓo.

A ranar ta fara yi mini bayanin da ta yi ta maimaitawa har ƙarshen rayuwarta. Akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, suna zaune inda iskar da muke shaƙa ba ta kaiwa: ƙasan lakar fadama, cikin tumbin saniya, can ƙasan masai. Ba irin ƙwayoyin cutar da muka saba ji ba ne, zuriyarsu daban ce, kuma ba su cutar da kowa. Su ne na ƙarshe a layin cin abinci. Wasu ƙwayoyin ne ke fara ruɓar da ciyawa da kashin shanu, su mayar da su tsami da wasu iskoki, sannan waɗannan su cinye ragowar, su fitar da iskar nan mai kama wuta, wadda masana ke kira mitan. Abin da suke samu daga wannan ci kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ba su hayayyafa da sauri. Iskar oksijin da ke rayar da mu kuwa, su guba ce a gare su. Ta taɓa gaya mini cewa in aka haska musu wani irin haske a ƙarƙashin madubin bincike suna ƙyalli, amma makarantarsu ba ta da irin wannan madubi. Ta yi shekara da shekaru tana kiwon abin da ba ta taɓa gani da idonta ba.

Abin da ya kai ta ga haƙa rami shi ne Inna Kulu, mai dafa wa ɗalibai abinci. Kicin ɗin makarantar rumfar kwano ce, manyan tukwane a kan duwatsu, itace ɗanye, hayaƙi har ba ka ganin mai tuƙa tuwo. Idon Inna Kulu kullum ja, kullum ruwa. Yaya Rabi ta nemi izini, aka gina rami mai rufaffen baki a bayan kicin, aka ja tiyo zuwa murhu. Ni na ɗebo mata laka daga fadamarmu, ita ta je mayanka ta roƙi abin da ake zubarwa daga tumbin shanu, tun yana da ɗumi. Ta ce wannan shi ne iri, kamar yadda mai nono ke rage tsohon kindirmo ta zuba cikin sabuwar madara. Aka rufe, aka yi makonni shiru. Malamai suka sa wa wurin suna masan Rabi. Ranar da wuta ta kama, waɗanda suka fi kowa dariya su suka fi kowa matsowa a ɗauki hoto.

Dokokinta ba su da yawa, kuma ta faɗa wa kowa, tun daga shugabar makaranta har mai gadi. A ba halittun kashin shanu kullum ta ƙaramar kafar zubawa, kaɗan-kaɗan, don in aka cika musu tsami zai yi yawa ya fi ƙarfinsu. Kada ruwan sabulu ya shiga. Kada a buɗe murfi. In sanyi ya shigo wutar ta rage, a yi haƙuri, ba mutuwa suka yi ba, zafi suke jira. Ramin bai raba kicin da itace gaba ɗaya ba, ba zan ƙara gishiri ba, amma miya da kunu da ruwan zafi sun koma kan gas. Idon Inna Kulu ya washe. Ta kan ce, "Ɗiyan Malama sun hi wasu ma'aikata, ba su zuwa latti."

Sai ciwo ya zo, bai daɗe ba, Allah Ya karɓi abarsa. Ramin ya ci gaba da aiki bayanta, Inna Kulu na ciyar da shi. Har aka zo cika shekara, aka kafa kwamitin karramawa.

Nan ne raina yake ɓaci, ko yanzu da nake rubutu. Kwamitin ya duba ya ga manyan baƙi za su zo, wurin kuma yana ɗan wari, ga shi ba a ganin komai sai murfin siminti. Suka yanke shawarar a gyara shi. Aka fasa murfi, aka kwashe duk abin da ke ciki aka watsar a rana, aka wanke ramin tas da garin sabulu, aka bi da maganin da ake zubawa a bayi, aka yi masa farin fenti ciki da waje don baƙo ya leƙa ya ga tsafta. Aka rubuta sunanta da manyan baƙaƙe a katanga. Inna Kulu ta tsaya a bakin ramin tana cewa, "Malama ta hana a buɗe, wallahi ta hana!" Aka ce mata ta koma wajen tukunyarta. Waɗannan mutane ba baƙi ba ne, sun zauna da ita ofis ɗaya, sun ji dokokin nan daga bakinta har sun gaji. Ba rashin sani ba ne. Sun ga fenti ya fi abin da ke ciki daraja ne.

Ranar taro ina zaune a layin gaba, aka murɗa kan murhu, wuta ta tashi da ƙarfi tana huci, aka yi tafi. Ni kuwa na san wutar yayata, mai laushi ce, da rana ma da kyar ake ganinta. Bayan an watse na bi tiyon da ƙafa, ya zagaya bayan katanga, sai ga tukunyar gas ta kasuwa an lulluɓe da buhu. Na nemi shugaban kwamitin na ce, "Malam, mi kunka yi haka?" Ya dafa kafaɗata ya ce, "Alhaji, ai alama ce kawai. Muhimmin abu a tuna da marigayiya." Washegari aka mayar da tukunyar inda aka aro ta, Inna Kulu ta koma hura itace.

Tun daga nan haka ake yi duk shekara. Ni ma duk shekara sai na je na ce a zuba sabon iri a rufe. Amsar ba ta canzawa: zai ɓata fenti, zai yi wari, ba zai kama kafin ranar taro ba, a bari sai bayan jarrabawa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sauƙin gyaran. Ba sai an kira injiniya daga Abuja ba. Duk saniyar da aka yanka a garin nan da safe tana ɗauke da irin a cikinta.

Ina yawan tunanin me za ta ce da ta ga yau. Gas ɗin kasuwa ya gagari talaka, motocin itace na shigowa gari suna rangaji, dajin da muka sani ya zama fili. Ga kuma masu taro a otal suna maganar ɗumamar duniya, suna cewa fadamun shinkafa da gyatsar shanu na sakin iskar mitan sama. Gaskiyarsu, ita ma ta faɗa tun ba a yayin faɗa, har ta ce ta cikin karan shinkafa iskar ke bi ta fita. Amma ita ba ta tsaya ga magana ba, ta kama abin ta sa shi ya dafa kunu. Na san ba za ta yi faɗa ba, ni ne mai faɗan gidanmu. Za ta naɗe hannun riga ne ta tambayi inda bokiti yake.

Abu ɗaya ya rage. Kafin ta kwanta ciwo ta ɗebo mini jarka guda daga ramin makaranta, muka haɗa ƙaramin rami a gidana na Argungu. Har yau yana aiki, da shi ake dafa shayin safe. Ba na cewa halittun da ta taɓa da hannunta ne, waɗancan sun daɗe da shuɗewa, amma jikokinsu ne, ba a taɓa buɗe musu murfi ba. Littafi ba ta rubuta ba, gida ba ta gina ba. Wannan ne abin da ta bari mai rai.

Don haka ina sanar da kwamiti ta nan: na karɓi gayyata. Zan zo da babbar riga, da jarkoki cike daga ramina a bayan mota, zan ajiye su a gaban teburin manyan baƙi, warin ya ishi kowa. Ko dai a zuba su a rufe ramin, a haƙura da kunna wuta ranar, a jira makonnin da halittun nan ke buƙata, ko kuwa a goge sunan yayata daga katangar. Ba a tambaye mu ba aka rubuta shi.

Satin jiya na biya gidan Inna Kulu a unguwar Badariya. Ta bar aiki, 'yarta Luba ce ta gaje ta a wannan rumfa, kuma na ga idon Luba ya fara ja. Inna ba ta gane ni ba sai da na yi magana. Na gaya mata abin da zan yi. Ta ce, "In Allah Ya sa wutar ta kama, ka zo ka ɗauke ni. Ka riƙa hannuna ka kai shi kusa in ji ɗuminta, don ni yanzu ko an kunna ba ni ganinta."