Ranar da Aka Tambayi Inna Sunana

Takardar da Inna ta shigo ƙasar nan da ita ta wata uku ce. Ta kusa shekara uku a ɗakin da na gina mata a Batsari kafin in tuna akwai wata takarda a duniya.

Inna mahaifiyata ce, Bafulatanar ƙetare, daga wata ruga can bayan Maraɗi. Aurenta da babana ya mutu ina ɗan shekara huɗu, ta koma gida, ni kuma na tashi a hannun dangin uba a Yasore. Can ta sake aure, amma ba ta ƙara samun ɗan da ya rayu ba. Fari ya cinye shanun, mijin ya rasu, sannan yanar ido ta rufe mata gani. Lokacin ina malamin gona, da ɗan babur ɗina da albashina, sai na je na ɗauko ta a yi mata aiki. A kan iyaka wani ma'aikaci ya buga hatimi ya ce wata uku. Na ce to, na cusa takardar a aljihu. Aikin ya buɗe ido ɗaya rabi da rabi. Bayan haka wa zan mayar wa da ita? Ba ta da kowa can sai kaburbura.

Wata safiya rediyo ya ce duk baƙon da ba shi da takarda an ba shi sati biyu ya bar ƙasa. Da farko dariya muka yi a bakin kasuwa. Mu da rabin danginmu ke can, rabin nasu ke nan, wane ne baƙo? Dariyar ta ƙare ranar da na dawo daga rangadi na ci karo da manyan motoci biyu a hanyar Jibiya, maƙil da mutane a tsaye, da tabarmi da tukwane. A bayan ta biyun akwai wata tsohuwa riƙe da ƙarfen mota da hannu bibbiyu. Na tsayar da babur a gefen hanya har motocin suka wuce.

Daga ranar gaisuwa ma ta zama abin tsoro. Maƙwabcina da ya saba cewa "Ina baƙuwarmu, ta tashi lafiya?" ya faɗa kamar kullum, na kusa zaginsa, bawan Allah. Matata ta ce tana da yaya a garin Zakka, mu kai Inna can ta ɓuya har ƙura ta lafa. Amma ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma ana ta raɗe-raɗin wanda ya ɓoye baƙo shi ma ba zai sha ba. In an kama ni, wa zai riƙe ta? Wani abokin aikina ya ce tsohon da ɗansa ɗan ƙasa ne ana iya ba shi izinin zama, in an tabbatar ɗan nasa ne. Na karɓi wasiƙa daga mai gari, na ɗauki Inna muka shiga motar Katsina.

Ofishin da ake duba takardun baƙi cike yake. A tsakar filin akwai mota irin waɗanda na gani, bayanta a buɗe, ana jira ta cika. Na zaunar da Inna ta ba ta baya, ko da yake na san idonta ba zai kai can ba.

Sai bayan azahar muka shiga. Jami'in mutumin kudu ne, ya ɗan manyanta, gajiya ta bayyana a idonsa, Hausarsa irin ta bariki. Ya dubi takardar, ya ƙirga da yatsa, ya dube ni.

"Malam, wata uku aka ba shi. Wannan shekara uku ne."

Na fara bayani, ya ɗaga hannu. Ya ce a satin nan ya ga tsofaffi da yawa da 'ya'yan haya, kowa da wasiƙar mai gari. Don haka in yi shiru, tsohuwa zai tambaya. Ya kife wasiƙar a kan tebur.

"Mama, wannan mutum yaronka ne?"

Inna ta ja mayafi ta kau da kai wajen bango. "Ɗan mutanen Yasore na."

"Yaya sunansa?"

"Ku tambaye shi mana. Ai shina da baki."

Duk shirin da na yi, wannan bai zo mini a rai ba, don abu ne da na saba da shi kamar numfashi. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" take ce mini, a bayan idona kuma "mai babur". Ko wani mai irin sunana ta gamu da shi sai ta laƙaba masa wani. A gaban mutane ba ta nuna ta san ni, balle ta ce ita ta haife ni. Kunya ce, kuma a wajensu ita ce mutunci.

"Ranka ya daɗe, al'ada ce," na ce. "Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari."

"Kowa da labarinsa," in ji shi. Ba da fushi ya faɗa ba, wannan ya fi ba ni tsoro. Ya jawo wata takarda daga wani tari daban, na waɗanda za a kora, ya cire murfin biro. Ta taga ina ganin motar, ana taimakon wani dattijo ya hau.

Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. "Inna, don girman Allah! Mota ce a waje. Kan iyaka za su sauke ki, ke kaɗai, ba kya gani. Suna ne fa kawai!"

Ta gyara riƙon sandarta. Sannan ta ce wa jami'in, ba ni ba: "A hid da shi waje."

Na fita na ja ƙofa. Amma tagar ofishin a buɗe take, na tsaya a jikinta, na san ba za ta gan ni ba. Na ji ya sake tambaya. Ta yi gyaran murya sau biyu, sannan ta faɗa, a hankali, da karin Fulatanci, cikakke yadda liman ya raɗa shi ranar suna. Ina da shekara arba'in da ɗoriya, ina da 'ya'ya biyar. Bakina ya ce "Na'am" ban sa shi ba, na dafa bango ina kuka a gaban layin mutane.

Jami'in ya buɗe wasiƙar ya duba, ya ga sunan ya zo daidai, ya kira ni. Izinin zama na dindindin, ya ce, sai an aika takardu sama, kuma yana ɗaukar lokaci. Abin da ke hannunsa wata shida ne. In sun cika mu dawo, a sake yi mata tambayoyi. Ya buga hatimi.

A mota na saya wa Inna fura ta ƙi karɓa. Ta rufe fuskarta da mayafi kamar wadda aka kama da sata, ni kuwa ina ta murna a zuci, ina shafa takardar a aljihun gaba. Sai da muka hango duwatsun Batsari ta yi magana, fuskarta na wajen taga.

"Kai. Mi ya ce, wata nawa?"

"Shida, Inna."

"In sun cika sai an koma tambaya ta?"

"Haka ya ce."

Ta gyaɗa kai. "To in sun cika, ka bari su sa ni motar."