Rigar Baibai a Tudun Dartmoor

Edna Mudge ba ta taɓa ɗaure tunkiya a turke ba. A tudun Dartmoor da ke Ingila babu shinge. Tunkiya ce ke nuna wa 'yarta iyakar wurin kiwonsu, ita ma ta nuna wa tata. Haka garken Edna ya gaji gindin dutsen da ke saman gonarsu tun zamanin kakanta. Ko sayar da su aka yi, sai sun dawo.

Ɗaya ce kawai ta ƙwace mata: Gillian, 'yar cikinta, wadda ta tafi birnin Exeter aikin jinya ta zauna can. Edna ba mai yawan magana ba ce, amma abin yana ci mata rai.

Da ta faɗi a bara ƙugunta ya karye, dole ta yarda ta koma wurin Gillian, maƙwabci ya karɓi tumakin. Ba barin gidan ne ya fi damunta ba. Tsoronta, idan ta tafi, babu sauran jininta da ya san hanyar hawa dutsen nan.

Ranar tafiya Edna ta ɗauki sandarta ta nufi dutsen.

"Mama, da wannan ƙugun?" in ji Gillian.

"Ƙuguna ne ko naki? Ke dai ki bi bayana, 'yar birni, kar dausayi ya haɗiye miki takalman gayu."

Suka kama hawa, tsohuwa na haki tana ƙaryata gajiya. Sun yi nisa sai hazo ya sauko, ko tafin hannu ba a gani. Edna ta juya dama, ta juya hagu. Hanyar da ta bi tun tana goye ta ɓace mata. Kunya ta kama ta.

Mutanen tudun nan suna cewa aljanu ne ke ɓatar da matafiyi a hazo, maganinsu kuwa a juya riga baibai. Gillian ta sha yi wa wannan magana dariya. Amma da Edna ta waiga, sai ga ma'aikaciyar jinya tana cusa hannu cikin rigar ruwanta, ɗinki a waje.

"Me nake gani haka?"

"Sanyi ne, Mama. Kar ki fara."

Ta kama hannun uwar ta shige gaba. Ta kauce wa dausayin ba tare da ta duba ba, ta bi ta bayan wani dutse mai tsagi, inda ƙafar baƙo ba za ta taɓa bi ba. Can sai ga ƙaton dutsen a gabansu, jiƙe sharkaf, tumaki kwance a gindinsa.

Edna ta dafa shi, hawaye na zubo mata, na farin ciki ne.

"Wa ya nuna miki hanyar nan?"

"Wa kuwa? Ba bayanki na yi ta bi tun ina ƙarama ba?"

Tsohuwa ta gyara mata wuyan rigar, ba ta juya ta daidai ba.

"To, mu sauka," ta ce. "Yanzu zan iya tafiya."