Ƙanƙara a Kan Kilishin Labaran

Da yatsu biyu Labaran yake lanƙwasa ta kowace safiya, tun kafin ya kuskure baki: wata siririyar fatar wutsiyar bijimi, rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinsa. In ta yi laushi, akwai ruwa a sama. In ta ƙage kamar kara, rana ce har magariba. Mahaifinsa ne ya koya masa, mutumin da ya zo Jos haƙar kuza ya ƙare da wuƙar fawa a hannu. Shekara talatin ke nan masu kilishin Abatuwa, unguwar mayanka, ba sa shanya nama sai sun leƙo sun ji abin da Labaran ya ce.

Ran nan, a farkon Nuwamba, fatar ta ƙage har tana neman karyewa.

Shekarar ta zo da yanayi mai taurin kai. Da asuba sanyi na cizon kunne, da azahar kwano na ƙona tafin ƙafa, damina kuwa ta yi sallama sau biyu tana dawowa. Alhaji Habeeb, Bayarabe mai sayar da ganda, maƙwabcin Labaran tun suna samari, ya yanka sa guda don auren 'yarsa Abibat. Kilishi yake so a raba wa dangin ango da za su zo daga Ilori, kuma saura kwana biyu. Naman duka yana hannun Labaran, ya kwana biyu yana buɗa shi da wuƙa har ana hango haske ta ciki.

Habeeb ya zo da hantsi riƙe da waya. Ya ce hasashen ya nuna kashi arba'in na ruwa bayan azahar, har da iska, ko a shanya rabi a bar rabi a ɗaki? Labaran ya yi dariya, ya ce wayar nan ba ta taɓa kwana a Abatuwa ba.

"Baban Abibat, kai ka san ganda, ni na san sama. Je ka ji da masu kujeru."

Ya hau rufin shago ya shimfiɗa asabari goma sha biyu, ya jera naman kaf.

Wajen ƙarfe biyu hadari ya taso ta wajen unguwar Daɗin Kowa, kalar hanta. Shirwan da ke shawagi kullum a kan mayanka suka ɓace. Iska ta fara isowa, mai sanyi kamar bakin wuƙa, ta tarar da Labaran a tsakiyar tsani. Kafin ya dafa rufin ƙanƙara ta sauko, da fari kamar tsakuwa, sannan kamar ƙwan zabo. Ɗaya ta fasa masa goshi, jini ya rufe ido. Ya kai hannu ga asabarin farko, iska ta fizge shi ta make masa a fuska, ta wuce da shi bayan katanga. Na biyu ya bi, na uku ya bi. Wani fallen kwano ya ɓalle daga ƙusoshinsa, ya yi kuka, ya tsage masa ƙauri ya tashi sama. Nama yana yawo a iska kamar jajayen tsummoki, yana faɗawa kwatar da ke kwashe ruwan mayanka. Labaran, mai shekara sittin da ɗoriya, ya kwanta ruf da ciki a kan asabari ɗaya, ya rungume shi, ƙanƙara tana dukan gadon bayansa kamar ta san sunansa.

Ba ta fi minti ashirin ba. Rana ta fito tas.

Habeeb ya baro wajen masu kujeru a Tina Junction a jiƙe, ya tarar da karnuka suna jan naman bikin 'yarsa a cikin kwata. Labaran na saukowa Habeeb ya shaƙe masa wuya, ya buga shi da bango har ƙeyarsa ta yi ƙara, ya ɗauke shi da mari biyu, Hausa da Yarabanci suna karo a bakinsa.

"Na nuna maka. Na ce rabi, Labaran. Me zan ba mutane?"

Sai da mahauta uku suka ɓamɓare shi. Labaran bai ɗaga hannu ba.

Bayan la'asar matarsa Amatullahi ta zaunar da shi a ɗaki, tana gasa masa baya da ruwan gishiri. Can ta ce tana da magana. Kwana uku ke nan, saboda tarin da yake yi, in ya yi barci takan shigo da kaskon gawayi ta ajiye bayan ƙofa, ta fitar kafin ya farka, tunda ba ya son wuta a ɗaki. Daidai ƙarƙashin ƙusar take ajiyewa. Ba ta kawo komai a ranta ba sai yanzu. Ta ce za ta je ta gaya wa Maman Abibat da bakinta, a san ba idonsa ne ya kasa ba.

Labaran ya dubi ƙusar da ke bayan ƙofar. Ruwan rufin da ya huje yana ɗiga cikin bokiti.

"Ni aka tambaya, Amatullahi."

Ya ce ta miƙo masa babbar roba. Ya kwashe naman asabarin nan ɗaya a ciki, yana ware wanda jininsa ya taɓa. Bai kai cinya guda ba. Ya ce zai kai wa Habeeb ya gani da idonsa, in ya yarda a tsoma a labu, haɗin tunkuza da yaji, a busar a kan wuta, ko iyayen ango kaɗai su ɗanɗana.

"Malam, bai huce ba. Zai ƙara maka."

"Sai ya ƙara. Naman bikin 'yarsa ne."

Ya ɗaure ƙaurin da tsohon rawani, ya gwada taka ƙafar, ta ɗauke shi da ƙyar. Ya rungumi robar a ƙirji, ya ture ƙofa da kafaɗa ya fita.